Shekarar da Bibata Ta Dawo Ita Kaɗai

Na sani kun daɗe kuna jin maganar nan gutsure-gutsure a bakin mutane, musamman in an haɗu wurin biki ko ta'aziyya da 'yan gidan Kawu Kyari. Wasu sun gaya muku ni na kai ƙanin mahaifiyata kurkuku. Wasu sun ce hassada ce irin ta 'yan kasuwa. Da can shiru nake yi, saboda waɗanda maganar za ta sosa wa rai suna da rai. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ga ni nan, ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, don haka gara ku ji daga bakina. Ku daina sunkuyar da kai in an tayar da zancen, ku kuma daina ƙullatar jikokinsa, don su ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Gidanmu na Soron Ɗinki gidan fatoma ne tun zamanin kakana, wanda ya taso daga Barno ya zauna a nan. Ku da kuka tashi kuka tarar da otal-otal ba lalle ku san aikin fatoma ba. Shi ne mai saukar baƙi. Baƙo ya zo garin da bai san kowa ba, fatoma ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, in rigima ta taso kuma ya tsaya masa kamar ɗan'uwa. Ɗakunan nan na ƙofar gida da kuka mayar shaguna, duk na baƙi ne a da. Mahaifina ya rasu ina saurayi, gidan ya faɗo a kaina ban san komai ba. Kawu Kyari ne ya riƙe ni. Shi ya koya mini yadda ake magana da fatake, shi ya tsaya mini a aurena da mahaifiyarku Yagana, shi ya raɗa wa babban yayanku suna. In na ce bai yi mini alheri ba, Allah zai tambaye ni. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, in ya shigo gida da dariyarsa har mata a cikin ɗaki sai sun sani. Sana'arsa ita ce kai maniyyata gabas ta ƙasa. Yana haɗa su a Kano, ya ɗora su a manyan motoci zuwa Yarwa ta ƙasar Barno, daga nan Fallomi, wadda yanzu kuke kira Njamena, daga nan a shiga Sudan har bakin teku. Mafi yawan mutanensa a gidanmu suke sauka kafin mota ta cika.

A cikin shekarun nan na dab da mulkin kai, wata kaka, wasu Zabarmawa suka sauka a wurina, mutum goma da 'yan kai, daga ƙasar Faransi, wato ƙasar nan ta arewa da mu da Faransawa ke mulka a lokacin. Manoma ne, sun sayar da dabbobinsu sun fito neman Makka. A cikinsu akwai wani dogo mai sanyin magana, Hamani, da matarsa Bibata, da 'ya'yansu biyu, Sumana wanda ya fara tasawa, da 'yar ƙarama Fati. Sun ɗan jima a gidan, har Bibata ta saba da Yagana, suna daka tare suna yi wa juna dariyar harshe, don Hausarta ba ta nuna ba. Ranar da za su tashi, a zauren nan namu, a gabana, suka biya Kawu kuɗin mota gaba ɗaya har bakin teku. Shi kuma ya karɓi takardun tafiyarsu ya zuba a jakarsa, ya ce kada su ɓace a hanya, gara su zauna a hannu ɗaya. Haka na saba gani yana yi wa kowa. Muka yi addu'a, na raka su tasha, na dawo na ci gaba da harkata.

Damina ta zo ta wuce, aka yi wata kakar, aka shiga bazara. Wata rana da hantsi ina zaune a zaure, sai ga Sale Direba ya yi sallama. Sale mutumin Fagge ne, yana jan mota tsakanin Kano da Fallomi, wani lokaci har cikin Sudan. A bayansa akwai wata mace lulluɓe da tsumman zane, ƙafafunta duk sun tsage. Ba ta jira an ce ta shigo ba. Ta dafa bangon zauren, ta dubi rufin, ta dubi tabarmar da nake kai, sannan ta zame ta zauna a ƙasa kamar wadda aka zare wa ƙashi.

Sale ya ce, "Malam Mustafa, ga amanarka na kawo maka. Tun daga iyakar Sudan ba ta da wata magana sai Kano, Soron Ɗinki, gidan fatoma."

Ban gane ta ba. Yagana ce da ta leƙo ta kawo ruwa ta saki kwanon, ta ce, "Innalillahi! Bibata, ke ce? Ina Hamani? Ina yaran?"

Sai da ta sha kunu, aka yi mata wanka, aka shafa mata man shanu a ƙafa, sannan magana ta fito, rabi da Hausa, rabi da hannu, Sale yana cike mana gurbin da abin da ya gani da idonsa. Ba su kai bakin teku ba. Da suka shiga Sudan, mutumin da Kawu ya haɗa su da shi ya sauke su a wata babbar gonar auduga, ya miƙa wa mai gonar takardunsu, ya ce ba su biya kuɗin mota ba, za su yi aiki su biya. Aka dangwala musu yatsa a wata takarda da ba su san abin da ke ciki ba. Suka tsinci auduga kaka guda, aka ce saura, saboda abincin da suka ci. Wanda ya yi yunƙurin fita aka ce masa ba shi da takarda, 'yan sanda za su kama shi a hanya. Ita Bibata ciwo ne ya kwantar da ita har mai gonar ya ga ba ta da amfani, ya daina sa mata ido. Hamani ya ce mata ta tafi ta nemo wanda zai ji kukansu, shi zai riƙe yaran, don in suka ɓace gaba ɗaya za a bi sawu. Ta bi ayarin wasu masu komowa har Allah ya haɗa ta da Sale, ya ɓoye ta a tsakanin buhuna.

Da ta gama, ta dube ni ta ce, "Mai gida, kai ka gani. Mun biya. A nan, a nan." Tana buga ƙasar zauren da tafin hannu.

Na gani kuwa. 

Ban fara da ƙara ba, ina so ku riƙe wannan. Wurin Kawu na fara zuwa, a gidansa na Shahuci. Na same shi yana karin kumallo, ya matso mini da kwano yadda ya saba. Na gaya masa abin da ya kawo ni, na roƙe shi ya aika a saki mutanen nan tsakaninmu, ba sai duniya ta ji ba. Ya wanke hannu a hankali, bai ko ɗaure fuska ba.

Ya ce, "Mustafa, kai yaro ne. Ka san abin da hanyar nan ke ci? Kowace iyaka sai an buɗe baki. Abin da suka bayar bai kai su ko'ina ba. Su yi kaka biyu ko uku su wuce, haka kowa ke yi tun kafin a haife ka. Da ba don ni ba, da ƙafa za su je."

Na ce, "Kawu, amma ba haka aka yi da su ba. A gabana ka ce har bakin teku."

Ya ce, "To, a gabanka. Sai me? Danginka ne? Ko 'yan ƙasarka ne? Mutanen Faransi ne, Faransi ta neme su. Matar kuma ka ba ta guzuri ta tafi garinsu, ni zan biya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ka tuna da wannan."

Na fito daga gidan nan ban san inda ƙafata ke kai ni ba, sai na tsinci kaina a ƙofar Goni Habu, limamin unguwarmu, wanda a wurinsa na yi karatu. Tsoho ne mai gajeren bayani. Ya saurare ni, ya aika aka kira Sale, ya ce kuma a je Fagge a gaya wa Sarkin Zabarmawa, wato dattijon da Zabarmawan Kano suka naɗa yana tsaya musu. Bayan la'asar muka haɗu mu huɗu a zauren Goni. Washegari muka ɗunguma zuwa ofishin Turawa da ke Nassarawa. A nan na fara gane girman ramin da mutanen nan suka faɗa. Malamin ofishin ya karɓe mu da mutunci, ya shiga ya fito, ya ce Bature ya ce abin da tausayi, amma waɗannan talakawan Faransi ne, kuma abin a Sudan ya faru, hannunsa bai kai can ba. Sarkin Zabarmawa ya ce to ai can ƙasar Faransi za a ce daga Kano suka tashi. Sale ya ce a Sudan kuwa za a nuna takardar da suka dangwala wa yatsa. Hukuma uku, kowacce tana da dalilinta na cewa ba nata ba ne. Mutum goma da 'yan kai sun zama kamar ba a taɓa haifar su ba.

A hanyar dawowa, muna tafe ta Ƙofar Ɗan Agundi, Goni ya tsaya a inuwar ganuwa ya huta. Ya ce, "Su hukumomi kowa da iyakarsa. Mu ba mu da iyaka. Kai Sale, motarka tana tsayawa a iyaka ta ce ta gaji?"

Sale ya yi dariya ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam."

"To kowa ya ja zaren da ke hannunsa. In mun haɗa musu bakin zaren, sai su ɗaura."

Haka kuwa aka yi, kuma ni har yau in na tuna ina mamaki. Goni yana da 'yan'uwan ɗariƙa a Fallomi da cikin Sudan, mutanenmu ne da suka tafi haji tun da daɗewa suka zauna can suka hayayyafa. Ya aika musu ta hannun direbobi. Su suka bi kwatancen Bibata har suka gano gonar. Ba su yi faɗa da kowa ba. Duk Juma'a sai wasu dattawa su je su ce sun zo gai da 'yan'uwa Musulmi, su kai musu abinci, su kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya a gaban mai gonar, don ya san an san da su, kada a wayi gari a ce an mayar da wani wata gona. Sarkin Zabarmawa kuma ya aika da masu fataucin shanu zuwa garin su Hamani. Mai garinsu ya tara dangi suka je gaban Kumandan, Baturen Faransi na yankinsu, suka zauna a ƙofar ofishinsa suka ce 'ya'yansu suke nema. Direbobin tashar gabas suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce ba wanda zai ƙara ɗaukar fasinjan Kawu sai maganar nan ta warware. Ba ƙaramin abu ba ne, don cikinsu da yawa da lodinsa suke ci da iyali. A cikin gida kuwa, matan unguwa suka ɗauki Bibata kamar 'yarsu. Wannan ta aiko da zane, waccan da fura, tsohuwar maƙwabciyarmu ta zo da saiwoyi tana dafa mata. Yagana ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da ta ji sauƙi ta ƙi zama haka nan, ta karɓi dakan gidan da surfe, wai hannu in ba ya aiki zuciya ce ke yi.

Ana cikin damina amsa ta fara zuwa. Kumandan ya rubuta wa na Fallomi, na Fallomi ya rubuta Kartum, aka kuma taɓo wani ma'aikaci ɗan ƙasarmu da aka ajiye can saboda alhazai. Ofishin Nassarawa suka kira mu. Malamin nan ya ce yanzu magana ta zama ta hukuma da hukuma, kowa ya yarda zai sa hannu, amma abu guda ya rage. Mai gona ya tsaya a kan bashi yake bi. In ba a sami wanda zai rantse a gaban alƙali cewa mutanen nan sun biya kuɗinsu tun daga Kano ba, kuma ya faɗi wanda ya karɓa, hukumar Sudan ba ta da hujjar karya takardar. Maganar Bibata ba ta isa ba, ita ce mai ƙara. Ya faɗi haka yana duban takardunsa, amma kowa a ɗakin ni yake kallo.

Ku da kuka san Iya mahaifiyata da tsufanta kawai, mai ba ku alewa, ba ku san ta ba. Mace ce da ba ta maimaita magana. Ita ta goyi Kawu Kyari a bayanta da mahaifiyarsu ta rasu, in ya zo gidan har lokacin nan da hannunta take zuba masa tuwo. Tun dawowar Bibata ba ta ce mini uffan a kan zancen ba, ko da yake ita ce ke kwana da ita a ɗaki. Na same ta da rana a tsakar gida tana kaɗi. Na durƙusa, na gaya mata abin da ake nema a wurina. Mazarin ya ci gaba da juyawa, har na zaci ba ta ji ba.

Can ta ce, "Za su ɗaure shi?"

Na ce, "Ban sani ba, Iya. Goni ya ce zai roƙa a tsaya a kan sakin mutanen."

Ta ce, "Ba zan ce maka je ka ba. Ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha. In na ce je ka, da wane ido zan dubi uwarmu?"

Ta ja zare, ta ci gaba:

"Amma ba zan ce kada ka je ba. Yarinyar nan ba ta barci, ina jin ta tana kiran sunan 'yarta. Kakanka da ya shigo garin nan, buzu ɗaya ne a kafaɗarsa, ba wanda ya san ubansa. Da mutanen Kano sun ce ba danginsu ba ne, da yau ba ka da zauren da za ka zauna. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

Na tashi. Da na kai bakin ƙofa na waiwaya, sai na ga zaren ya tsinke a hannunta, ba ta ƙulla ba, tana zaune kawai.

Na je na yi rantsuwa. Kawu yana zaune ta gefe da babbar rigarsa, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na faɗi abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Da alƙali ya tambaye shi, bai musa ba, wannan kuma ina yaba masa, don da ya so da ya nemo masu rantsuwar ƙarya. Goni ya miƙe ya roƙi sassauci, Sarkin Zabarmawa ya ce su ba fansa suke nema ba, mutanensu suke nema. Aka hana Kawu jigilar maniyyata, aka sa shi ya aika wa abokin hulɗarsa na can cewa ba a bin mutanen nan komai. Ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba. Wanda ya gaya muku ya yi, bai san zancen ba.

Amma kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. A ƙofar kotu na matsa in gaishe shi, ya janye rigarsa ya ce, "Na yafe maka abin da na ciyar da kai. Kada ka zo jana'izata." Kafin kaka ya sayar da rabin gidansa ya koma Fallomi da uwargidansa. Bai yi wa Iya sallama ba, ba ta kuma ƙara ganin sa ba har ya rasu a can. Duk direban da ya dawo daga gabas sai ta aika a tambaye shi ko ya ga Kyari, ko yana da lafiya, ko ya rame. Ni kuma ɗakunan baƙina suka zama kango. Abokan cinikin Kawu suka bi gari da cewa fatoman Soron Ɗinki ba ya rufa asiri, baƙo ya sauka a wurinsa sai ya tsinci kansa gaban alƙali. Fataken da suka saba da mahaifina suka koma wasu gidaje. A shekarar nan na koyi ɗinkin hula da girmana, Yagana ta fara ƙosai ana kai mata ƙofar gida. Akwai dangin da har suka mutu ba su ƙara taka zaurena ba. Ba zan ce muku ban ji ciwo ba. Akwai ranakun da nake zama in ce, da ma wani ne ya gani ba ni ba.

Sannan aka shiga jira, wanda ya fi komai wuya. Shaidata ta tafi Kartum, aka ce ta isa, aka ce ana dubawa, aka ce mai gona ya kai kuka wani wuri. Bibata ta koyi ranakun da motocin gabas ke shigowa. Duk ranar sai ta gama aikinta da wuri ta zauna a soron ciki inda take jin sallamar duk wanda ya shigo. In Sale ne, kafin ya buɗe baki ta karanta fuskarsa, ta tashi ta koma bakin turmi. Sau ɗaya ya zo da labarin da ya sa muka yi zaman makoki: wani tsoho a cikinsu, wanda shi ne ya fara kawo shawarar tafiyar, ya rasu a gonar. Dattawan nan na Juma'a ne suka yi masa sutura. Shi kam Allah bai nufa ya ga gida ba, bai kuma ga Makka ba.

Bazara ta sake zagayowa, zafi ya kai inda ya kai. Ina zaune ina ɗinki bayan azahar, sai na ji hayaniya daga bakin lungu, yara suna gudu, wani yana kiran sunana. Na fito ba ko takalmi. Sale ne a gaba, hularsa a hannu, yana dariya yana share ido. A bayansa mutane ne a jere, baƙaƙe wuluk, ƙasusuwa a waje, kowa da ɗan ƙunshinsa a ka. Direbobi ne suka yi ta miƙa su daga mota zuwa mota tun daga Sudan, ba wanda ya karɓi ko anini. Na hango Hamani ya fi kowa tsawo, da yarinya a kafaɗarsa. Na buɗe baki in kira Bibata, ashe ta riga ni. Ta wuce ni kamar iska, ba mayafi, hannunta duk gari.

Sumana ne ya fara rungume ta, ya yi tsawo har ya kusa kai kafaɗarta. Ita Fati ta maƙale a wuyan ubanta, tana kallon matar nan mai kuka kamar ba ta taɓa ganin ta ba. Bibata ta miƙa hannu, yarinyar ta juya fuska.  Sai Bibata ta share hawayenta, ta zauna a ƙasa nan tsakiyar hanya, ta daina miƙa hannu, ta fara yi mata magana ƙasa-ƙasa da Zabarmanci, irin maganar da uwa ke yi in tana yi wa ɗa wanka. Ban san abin da take cewa ba. Hamani ya sauke yarinyar a hankali. Ta tsaya tana tsotsar yatsa, ta yi taku ɗaya, ta tsaya, sannan ta je ta taɓa garin da ke hannun uwar, ta hau cinyarta ta zauna kamar jiya ta sauka. Wata mata a bayana ta rangaɗa guɗa, sai unguwa ta ɗauka. Ni dai na jingina da bango ina kallo. Wani nauyi da na shekara ina ɗauke da shi a ƙirji, har na manta yadda numfashi yake ba tare da shi ba, na ji ya sauka.

Hamani ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. Ya zaro wata takarda daga cikin rigarsa, naɗe a tsumma, ya nuna mini. Takardar tafiyarsa ce, da hatimin hukuma uku a jiki. Ya ce, "Mai gida, sun ba kowa tasa. A hannunsa."

A ranar Iya da kanta ta shiga madafa, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta tuƙa tuwon da ya ishi lungu gaba ɗaya. Goni ya zo, Sarkin Zabarmawa ya zo da jama'arsa, aka cika zauren da ɗakunan da suka shekara a rufe. Daga baya na ji cewa dalilin wannan magana an sako wasu mutanen a gonakin da ke kusa, waɗanda ba mu ma san da su ba, kuma direbobin tasharmu sun kafa ƙa'ida a tsakaninsu cewa ba za su ɗauki maniyyacin da takardarsa ba ta hannunsa ba. Wannan ba aikina ba ne ni kaɗai, kada ku je kuna faɗa. Ni magana ɗaya na faɗa a gaban alƙali. Sauran aikin na mutane ne masu yawa, daga nan har Sudan, waɗanda mafi yawansu ban taɓa ganin fuskarsu ba, ban kuma san sunansu ba.

Suka zauna da mu har suka yi ƙiba kaɗan. Na tambayi Hamani ko zai sake gwada hanyar gabas, tunda yanzu da takarda. Ya girgiza kai ya ce Makka tana nan inda take, in da rabo zai je, amma gonarsa ta yi shekara biyu ba ta ga fartanya ba. Da hadari ya fara haɗuwa suka yi shiri. Bibata da Yagana suka rungume juna suka yi ta kuka, Iya ta ɗaura wa Fati ɗan ƙunshin daddawa da kuka a bakin zane. Na raka su Fagge, na tsaya har motar arewa ta tashi, ina hango kan Hamani sama da na kowa.

Da na dawo, yayyafi ya fara sauka, ƙasa tana ƙamshi. Na tarar da Iya a bakin ƙofar ɗakinta.

Ta ce, "Sun tafi?"

Na ce, "Sun tafi, Iya."

"Duka?"

"Duka."

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta ɗaga kai ta dubi hadarin. Sannan ta miƙo mini tsintsiya.

Ta ce, "To, je ka share ɗakunan nan. Wasu na tafe."